Gorar Kimaiyo

...kuma tun ranar Asabar abin nan yake cin raina. In ɗauko gorar, in wanke, in mayar. In sake ɗaukowa. Ga ta nan a cinyata yanzu. Madara na tafasa na sauke, tana hucewa, itacen da zan ƙona in goga a cikin gorar yana gefen murhu — ni ce dai hannuna ya ƙi.

Yau Laraba. In ban zuba yau ba, nonon mursik ba zai yi tsami kafin Lahadi ba. Lahadi kuwa Kimaiyo zai yi tsere a Eldoret. Na farko tun da ya fito daga gidan yari.

Kimaiyo, ɗana... da ka yi shiru. Me ya kai ka tambaya? Kana tsugune kana ɗaure igiyar takalmi, ko kai ba ka ɗago ba: "Mama, za ki zo da gora?" Sai ka yi dariya, wai wasa kake. Ni na haife ka. Na san muryar wasanka, wannan ba ita ba ce.

Da can wa ke tambaya? Ka ciwo tsere a ƙasar Turawa, ka sauko daga jirgi, a rataya maka ganyen sinendet a wuya, ni in ɗaga gora in kafa maka a baki, masu hoto na ta haske mana ido. Takalmin aro ne a ƙafata ranar farko, yana cizo na, ban ji ba sai da na dawo gida. Wa ya kai ni filin jirgi ranar?

Kipngeno. Ɗan maƙwabciyata, a kan babur ɗinsa na haya.

"Maman Kimaiyo, rungume gorar nan da kyau. Ke in kin faɗi ma ɗaga ki, amma nono in ya zube, ƙasar nan duka ni za a zaga." Na dunƙule hannu na ɗirka masa a baya, yana ta dariya, babur na rawa...

Babur ɗin nan dai. Hanyar Iten, da yamma, sabuwar mota, giya a cikin ɗana. An ce ko birki bai taka ba, ya bi ta kan Kipngeno. Ban je na gani ba. Ihun Maman Kipngeno na ji ta kan shinge, ina tuƙa tuwon ugali, na ci gaba da tuƙawa don ban san ɗana ne ba — na ma ce, Allah sarki, wane marar imani ne?

Alƙali ya yanke shekaru, ya yi su. Bai nemi ragi ba. Ya fito da furfura a gemu, yaron da bai kai arba'in ba. Fasto ya ce wanda Allah ya yafe wa, mu su wa? A rediyo kuwa jiya har faɗa suke yi a kansa. Wani ya kira ya ce wanda ya kashe mutum ba shi da hurumin sa rigar tsere yara na kallo. Wani ya ce to ku hana shi gudu, me zai yi, ƙafa kaɗai ya iya. Na kashe rediyon. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma duk wanda ya yi magana a cikinsu sai in ji kamar shi ne mai gaskiya. Haka ake yi? Mutum biyu su saba, duka su yi gaskiya?

Gudu sana'arsa ce, ya yi. Wannan ban da ja. Makaniki in ya fito ai gareji yake komawa. Amma makaniki ba a yi masa tafi... Gora ta jarumi ce. In na ɗaga ta a gaban jama'a, me na ce ke nan? Na ce ba abin da ya faru?

Kuma ba a yin ta a ɓoye, shi ne abin. Da na sa bakin itacen nan a wuta, ƙamshin hayaƙinsa zai tsallaka shinge. Ita ta koya mini, Maman Kipngeno, ina amarya: "Goga gawayin sosai, ke, hannu kamar ƙafar kaza. Rowa kike yi wa gora?" Hancinta ya san wannan hayaƙi ko tana barci. Za ta ji, za ta san na wane ne, za ta san don me.

Har yau Maman Kipngeno ake kiranta. Da me kuma za a kira ta?

Kullum da safe in ka fita gudu ina leƙenka, ba ka sani ba. Kana isa daidai ƙofarta sai ka tsaya, ka cire hula, ka taka a hankali har ka wuce gidan, sannan ka ɗora. Ko ana ruwa. Ba wanda ya sa ka.

Jiya ina shanya, sai ga ta a bakin shinge. Rabon da ta fara yi mini magana... na manta.

"Ɗanki ya rame."

"Ya rame."

"Ki ce masa ya daina tafiya a ƙofata kamar mai rakiyar gawa. Ya yi gudunsa ya wuce."

Ta juya ta shige. Shi ke nan. Ya yi gudunsa — yafiya ce? Ko kuwa ganinsa ne ba ta so, ya yi sauri ya ɓace mata? Na juya maganar nan har kaina ya yi ciwo. Ya rame... uwa ce kaɗai ke lura da rama. To amma maƙiyi ma yana kallo.

In je in tambaye ta? In ce, yaya, kin yarda in ba ɗana nono? Da wane baki? Ita nata ɗan...

Ashe abin da nake jira ke nan tun Asabar. Izini. Daga matar da muka riga muka karɓe wa komai, ina so kuma ta ba ni wannan.

In ban je ba, zai tsallake layin ƙarshe ya waiga. Na san waigen, tun yana tseren makaranta ba takalmi yake yin sa. Zai duba dama, ya duba hagu, ya ga kowa da uwarsa. Zai dawo gida ya ce, "Mama, akwai shayi?" Tun kafin ya zama jarumin kowa nake ba shi nono, tun ba shi da haƙori. Sai yanzu da ya fi buƙata zan hana shi?

Madarar ta yi sanyi, har ta yi fata a sama. Garwashi ya fara lulluɓa da toka. Ina jin ta can tana kiran kajinta, iska kuma daga wajena take kaɗawa zuwa wajenta.

Na gaji... Ku da kuka haifa, ku da kuka binne, ku faɗa mini. In sa itacen nan a wuta, ko in mayar da gorar?