Yatsu Biyu a Kan Wayar Baba

…kuma har yanzu bai buɗe ba. Ɗan zoben nan na ta juyawa a tsakiyar wayar Baba, ita kuma tana zaune a bencin asibiti ta zuba masa ido, sai ka ce ba ita ta gina shafin intanet ɗin da hannunta ba. Minti nawa ke nan? Uku? A kwamfutar ofis kafin ka ƙifta ido ya fito — to, ofis ke nan, inda sabis ba ya yankewa.

“Ya ci wani abu da safen nan?” Abin da nas ta tambaya ke nan ɗazu, da biro a hannu. Baba kuwa har da fara'arsa: shayi da burodi, ƙarfe takwas. Nas ta dube shi, ta dube ta, ta shige ciki ta tambayo likita. Shiru har yanzu.

Ƙarfe takwas… An ce daga shida na safe ko ruwa kar ya sha, don barci za a sa shi kafin a cire yanar idon. An ce — a ina aka ce? A shafin asibitin. Shafinta. Likitan kuma sau ɗaya yake zuwa a wata huɗu. Idon hagu ya riga ya tafi, na daman ake neman cetowa. In aka fasa aikin yau, sai bayan wata huɗu! Mutumin da shekaranjiya ya tsaya yana yi wa rigar da ke rataye sallama, yana jiran ta amsa?

Yauwa, ya buɗe. Bidiyo tukuna: wani mai farar riga na washe haƙora. Sai hotuna biyar masu zamewa. Sai akwati ya faɗo, “Ta yaya zan taimake ka?” Ka taimaka ka kauce! Ƙasa… ƙasa… ƙasa dai… ga shi can. Rubutun gargaɗin, ruwan toka a kan fari, siriri kamar sawun tururuwa. Ita kanta mai ido biyu sai da ta kawo wayar kusa da hanci.

Ai na farkon da ta yi ba haka yake ba. Baƙin rubutu ne manya a kan fari, abin da za ka yi da abin da ba za ka yi ba, shi ke nan. Oga ya leƙo ta kafaɗarta ya taɓe baki: “Wannan ai takardar jarrabawa ce. Sa masa rai mana.” Ta sa masa rai. Laifin oga ne ke nan? Da sauƙi in ta ce haka. Bidiyon nasa ne, hotunan nasa ne, amma ɗaya abin — a'a, wannan ba wanda ya sa ta.

Idan mutum ya buɗa yatsu a kan gilashin waya don ya ƙara girman rubutu, hotunan sai su hau kan juna, adon ya wargaje. Abin ya yi ta ba ta haushi. Layi ɗaya ta rubuta, ta kulle damar ƙara girman. Har shayi ta haɗa wa kanta ranar don jin daɗi.

Tsoro take ji, tsoro sosai. Me suke ta tattaunawa a ciki? Awa uku da cin burodin, ba zai isa ba? Yanka biyu ne fa. Ko uku ya ce?

“Injiniya,” Baba ke laluben hannunta, ya dafa. “Kar ki sa wa ranki damuwa. Na ga alamar akwai rubutu a ƙasa, na buɗa shi da yatsu biyu yadda kika koya min, ya ƙi. Na ce hala wayar ce ta tsufa, irin mai ita.”

Yadda kika koya min… A tsakar gida, ta kama yatsunsa ta ɗora a gilashin, haka Baba, ka buɗa, ka ga? Ya yi ta dariya ranar da sunansa ya cika wayar. Ɗazun nan ma sai da ya gaya wa mutumin da ke gefensu cewa 'yarsa ce ta yi wa asibitin nan shafi, kaf ɗinsa.

Ta gaya masa? Yanzu? Ta ce masa me — ba laifin wayarka ba ne, Baba?

Ƙofa na motsi. Takalmin nas, farin nan, ya tsaya a bakin ƙofa, wani na yi mata magana daga ciki. Ita dai ba ta iya ɗaga kai ba. Yatsunta biyu na kan gilashin, tana buɗawa, tana buɗawa… rubutun na nan yadda ta bar shi.