Ɗaya Ƙarshen Layin

Likita ya juyo musu da fuskar kwamfutarsa don su gani da idonsu. Yaya ya duƙa yana kallo kamar yadda yake duba injin mota a garejinsa. Auta tana tsaye a bayansa da jakar Umma a kafaɗa, ba ta ma matso ba, domin irin wannan zanen ne aikinta na kullum a sashen ƙididdiga na cibiyar binciken da take aiki. Ɗigo ne ɗaya, layi ya ratsa shi hagu da dama, sai wani layin a tsaye da ke nuna inda magani bai ƙara komai ba, bai kuma rage ba.

"Sabon magani ne, ta jijiya ake ba da shi," in ji likita. "An gwada shi a kan masu irin ciwon dajin mahaifiyarku, waɗanda ya riga ya bazu a jikinsu. In aka haɗa aka raba, ya ƙara musu kwana kamar na wata biyu. Sai dai waɗanda aka gwada ba su da yawa, shi ya sa layin ya yi tsawo haka. Ta wannan ɓangaren ya kai wata biyar..."

"Wata biyar!" Yaya ya miƙe tsaye.

"Ta nan kuma ya ƙetare sifili," likita ya ƙarasa yana nuna hagu da bakin biro. Kafin ya ɗora, nas ta leƙo ta ce ana nemansa a ɗakin gaggawa. Ya ce su yi shawara da mara lafiya, gobe a sanar da shi, ya fita.

Auta ta ga ƙarshen hagun sarai. Ta buɗe baki, ta kalli ƙeyar Yaya, ta mayar ta rufe. Tun suna yara ba ta taɓa iya katse shi ba.

Kafin su kai ƙarshen baranda ya riga ya kira Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu marigayi, ya ce mata an samu maganin da zai ƙara wata biyar. Da maganar ta zagaya dangi ta dawo wayar Auta da yamma, ta zama "wata biyar zuwa shekara".

Ba don komai Yaya ya kama wannan lambar ya riƙe ba, sai don matarsa na da ciki, cikin fari bayan shekarun da har dangi sun gaji da tambaya. Saura kamar wata huɗu ta haihu, kuma Umma ba ta da jika ko ɗaya.

Gadon Umma na kusa da taga, a ɗaki mai gadaje shida da warin maganin goge ƙasa. Ta rame har zoben hannunta ya koma babban yatsa, amma bakin nan nata yana nan.

"Ga Watakila ta iso," ta ce da ta hango Auta. Sunan da suke kiranta ke nan a gida, don ko hadari ya haɗu baƙi ƙirin aka tambaye ta za a yi ruwa, sai ta ce watakila. "Yayanki ya ba ni labari. Na ƙirga da yatsuna, har da ragowa. Zan ga mai gidan nawa, in ja masa kunne, sannan in tafi."

"In mace ce fa, Umma?"

"Sai in ja nata. Kunne ai kunne ne."

Kwana da kwanaki Umma take roƙon a mayar da ita gida. Ta ce gadon asibiti na cin bayanta, hasken fitilar ba ya barin ta runtsa, kuma ta gaji da yara sa'annin Auta suna ɗaga mata zane. Yau kuwa ta ce ta fasa, za ta daure. A bayan labulen gado na gaba wata mata tana kakarin amai, ɗiyarta na cewa sannu, sannu. Umma ta saurara kaɗan, ta juya fuska wajen taga.

A wajen ajiye motoci Auta ta tattara ƙarfinta.

"Yaya, likita bai ce wata biyar ba. Cewa ya yi zai iya kaiwa."

"To, ashe ya faɗa."

"Ya kuma ce zai iya rage mata kwana. Layin ya..."

"Ke dai kullum da naki." Ya buɗe ƙofar mota ya tsaya riƙe da ita. "Kin ga fuskarta yau? Rabon da ta yi dariya haka tun yaushe? Mutum ya samu abin da zai riƙe, ke kuma kin zo da layi. Wallahi kada in ji kin je kin kashe mata gwiwa. Kin ji ni ko?"

Ta ce ta ji.

Washegari da hantsi aka ce za a zo a sa wa Umma allurar jijiya in ta amince. Yaya ya tafi kai matarsa awo. Auta ta zauna a ƙarshen gado tana shafa wa Umma mai a ƙafa, ƙafar ta kumbura har yatsa na barin rami.

"Ɗayar ba tawa ba ce?" in ji Umma. "Tun ɗazu guda kike murza."

Auta ta koma ɗayar.

"Faɗi abin da ke bakinki. Ni na haife ki, na san shirunki na yunwa, na san na ƙarya."

"Yaya ya ce kada in faɗa."

"Yayanki ne kwance a nan ko ni?"

Auta ba ta ɗago ba. Ga ƙafar ta yi maganar, a hankali. Ta ce da an gwada maganin a kan dubban mutane, da an san amfaninsa kusan daidai. To ba a yi ba, 'yan kaɗan aka samu. Don haka masu binciken ba su bugi ƙirji da lamba ɗaya ba. Cewa suka yi suna da ƙarfin zaton ainihin amfaninsa na wani wuri tsakanin iyaka biyu. Iyakar sama, ƙarin wata biyar. Iyakar ƙasa, ragin mako uku.

"Ragi?"

"Eh, Umma. Yana yiwuwa ya ƙara da yawa, yana yiwuwa bai ƙara komai, yana yiwuwa ya rage. Binciken bai iya raba su ba."

"To ni ina nake a kan layin naku?"

"Layin ba na mutum ɗaya ba ne, na taron ne gaba ɗaya. Babu wanda ya san inda kike, ko likita."

Matar bayan labule ta sake farawa.

"Wancan fa?" Umma ta nuna labulen da haɓa. "Shi ma watakila ne?"

"A'a. Amai da gyambon baki kusan duk wanda ya sha ya samu. Kuma a nan za ki zauna mafi yawan lokacin, don jini na yin rauni, ba a son ki shiga mutane."

"Wato wahalar ce kaɗai aka tabbatar."

Auta ta ci gaba da murza ƙafar da man ya daɗe da shigewa.

"Da ke ce, me za ki yi?"

"Umma, don Allah kada ki tambaye ni."

"Duk shekarun nan da kika yi a jami'a, don ki zo bakin gadona ki ce mini watakila? Dube ni."

Ta dube ta. Farin idon Umma ya koma rawaya.

"Da gida zan tafi," in ji Auta.

Umma ta lumshe ido, ta daɗe a haka har Auta ta zaci barci ne ya ɗauke ta. Da nas ta turo keken allurai, sai ta buɗe ido ta ce, "'Yar nan, mayar da kayanki. Ki gaya wa likita na gode."

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya saurari Umma har ta gama, ya ce to, ya kalli Auta sau ɗaya. Da suka isa gida shi ya ɗauki Umma a hannu ya hau da ita bene, bai yarda kowa ya kama masa ba. Tun daga ranar, in yana da magana da Auta sai ya aiko matarsa.

Makonnin farko sun yi kyau, kyan da ya sa Auta ta fara barci sosai. Umma ta koma kujerarta ta bakin taga da rediyonta. Ta sake tayar da tsohon faɗansu da maƙwabciya a kan igiyar shanya, tana ba da umarni daga sama kamar mai lafiya. Matar Yaya kan zo ta zauna kusa da ita, Umma ta ɗora hannu a kan cikin ta ce, "Kai, malalaci, ka yi sauri mana, ana jiranka." Su yi ta dariya. Gwaggo kuwa duk zuwan da za ta yi sai ta ce, a gaban Auta, ita dai ba ta taɓa jin inda aka ga magani aka juya masa baya ba.

Daga nan abinci ya fara ƙin zama. Kujerar ta gagara, aka koma gado. Maganin rage zafi ya yi ta ƙaruwa, maganar Umma tana raguwa, har ya zama sai dai ta matse hannu. Wata safiya, Auta na jiƙa mata leɓe da auduga, numfashin ya tafi bai dawo ba. Saura fiye da wata guda a haihu.

Namiji aka haifa. Gwaggo ce ta kira Auta ta gaya mata. Auta ta nemi izini a wajen aiki, ta sayi 'yan riguna da tawul, ta tafi. Asibitin ne dai, hawa na biyu, ta bi ta gaban ɗakin mai gadaje shida ba ta juya kai ba.

A baranda ta sami Yaya zaune a benci shi kaɗai, da baƙin mai har yanzu a ƙarƙashin faratansa. Ta gaishe shi, ta yi masa barka. Ta zaci ba zai amsa ba, sai ya matsa ya ba ta wuri.

"Goshin Umma ne da shi," ya ce. "Sak."

Ta zauna da ledar a cinya.

"Auta, ban yi barcin kirki ba tun da ta tafi. Ina rufe ido sai in hau ƙirga." Muryarsa ba ta faɗa ba ce, ta roƙo ce, irin wadda ba ta taɓa ji a bakinsa ba. "Ke kika san abin nan, ni ban sani ba. Ki ce mini ko da ta sha, ba za ta kai yau ba. Ki faɗa kawai, in huta, mu koma yadda muke."

Kalma ɗaya ce, kuma ta san zai karɓa. Ta ji ta a kan harshenta. Amma wata biyar na cikin layin, daram kamar yadda ragin mako uku yake ciki, kuma ita ce ta ce wa Umma babu wanda ya san inda take.

"Ba zan iya cewa haka ba, Yaya."

"Wato da ta gan shi."

"Shi ma ba zan iya cewa ba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa. Daga ciki jaririn ya tsala kuka. Yaya ya tashi, ya goge fuska da hannun riga, ya shiga ya ja ƙofar a bayansa. Auta ta zauna tana jiran a ce ta shigo, har masu rabon magani suka wuce, suka dawo.