Gwangwanin Madara a Ɗakin Tsintsiya

Badamasi mai gadi ya ɗora mata na'urar gwada zafi a goshi kamar mai shirin harbi, ya duba, ya sauke.

"Jikinki lafiya, Khala. Saura waya. Nuna mini kore."

"Wane kore?"

"Na jawwal, na waya. Duk mai shiga sai wayarsa ta nuna kore, shaidar ba ya ɗauke da cutar."

Zubaidatu ta zaro wayarta daga lalita, 'yar ƙarama mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Ta miƙa masa har kusa da hanci.

"Ga ta. Nemo koren da kanka."

Bai karɓa ba. Ya sani sarai koren nan na masu lambar iƙama ne, takardar izinin zama a Saudiyya, ita kuwa shekara talatin da ɗaya ke nan da ta zo aikin Hajji daga Gwadabawa ta yi zamanta, ba ta taɓa riƙe iƙama ba. Ya kuma san shekara goma sha ɗaya tana shiga wannan wurin wasan yara, malahi, ta ƙaramar ƙofar baya, ba wanda ya taɓa tambayarta wani launi. Ita ke wanke ƙwallayen robar da yara ke ninƙaya a ciki, ita ke goge aman waɗanda lilo ya juya wa ciki. Yau ne aka sake buɗe wurin bayan fiye da shekara yana rufe saboda korona. An kira wasu ma'aikatan. Ita ba a kira ta ba.

"Ba wasa na zo yi ba, Badamasi. Dubi gwiwar nan, ta yi maka kama da ta mai hawa lilo? Kayana na zo ɗauka."

Kayan nata gwangwanin madara ne guda, naɗe cikin tsohon zane, a saman kantar ɗakin tsintsiya da ke bayan masallacin mata. A ciki akwai fasfon da ta shigo ƙasar da shi, da takardar da asibiti ya bayar ranar da ta haifi Salwa, lokacin mijinta Mailafiya na raye yana da takardun aiki. Ta kai gwangwanin can ne a shekarar da aka fara shafa jan fenti, alamar rusau, a gidajen layinsu a unguwar Nakkasa. Da idonta ta ga maƙwabciya ta dawo daga aiki ta tarar da ɗakinta ya zama tsibin duwatsu, komai nata a ƙasa. Sai ta ce wa kanta, ginin masu kuɗi ba a rushe shi. Ranar da aka rufe gari ba ta je aiki ba, washegari ƙofa da kwaɗo. Sau biyar tana zuwa daga baya, kwaɗon na nan. Ta buga wa shugabarsu, Ustaza Maha, har ta gaji.

Yanzu Salwa na da cikin wata bakwai. Mijinta Abdulwadud direba ne mai iƙama, ya samo musu layi ranar Lahadi a ofishin jakadanci a Jidda don a yi mata fasfo, ko jaririn ya zo da suna a takarda. An ce su taho da fasfon uwa da takardar haihuwa. Yau Alhamis. Salwa na can tsallaken titi, zaune a inuwar wani kantin magani, tana jira.

"Khala, wallahi ba ni na sa doka ba," in ji Badamasi cikin Hausarsa mai ɗingishi, ta haifaffen Makka. "Yau baladiya, hukumar gari, suna zuwa dubawa. In na bar ki, ni ne a waje."

A bayanta iyalai sun yi layi, kowanne a kan tambarin da aka manna a ƙasa, taku biyu tsakani. Zubaidatu ta dubi nata tambarin, mai zanen tafin ƙafa biyu. Ta tattara mayafinta ta zauna a kansa daram, ta miƙe ƙafafu.

"To na zauna. Su zo su dube ni."

"Khala, don Allah."

"Na san uwarka tun tana sayar da funkaso a Arfa, kana goye kana zubar mata da yawu a wuya. Yau kai ne mai bindigar zafi."

Wani Balarabe mai 'ya'ya uku ya fara magana daga baya. Badamasi ya waiga hagu da dama, ya sunkuya.

"Tashi ki zagaya baya. Zan ce a buɗe miki. Minti biyar, Khala, kuma ban gan ki ba."

"Dama yaushe kuka taɓa ganina?"

Rakiya ce ta buɗe mata ƙaramar ƙofar, hannunta cikin safar roba har gwiwar hannu. Shekara shida suna wanki tare, kuma ita ma ba ta da takarda. Ta gaishe ta ba tare da ta haɗa ido da ita ba.

"Yaya, kin zo."

"Na zo. Ke an kira ki, ni na tsufa."

"Cewa suka yi masu shekaru cutar ta fi kamawa."

"Allah sarki, tausayina suka ji. Matsa."

Wurin duk ya sauya. An ɗaure kowane doki na biyu a lilon dawaki da jan ƙyalle don kada a hau. Ramin ƙwallaye an rage shi rabi. Ko'ina warin magani, irin na asibiti. Zubaidatu ba ta tsaya kallo ba, ta bi ta gefen masallacin mata ta tura ƙofar ɗakin tsintsiya.

An yi masa farin fenti. An cire kantar katakon, an kafa ta ƙarfe, jarkokin maganin feshi jere a kai. Ba tsintsiya, ba bokitinta mai tsagagen baki, ba tsofaffin takalman yaran da aka manta. Duk da haka ta jawo wata jarka ta taka, ta shafa saman kantar da tafin hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ko ƙura babu.

"Rakiya."

"Yaya, wallahi ranar da na dawo haka na same shi. Mai shara ya ce wasu ne suka zo cikin fararen kaya har da rufe fuska, kamfanin feshi. Mota biyu suka cika."

"Yaushe?"

"Sati uku."

"Kwana nawa da dawowarki?"

"Goma."

"Kwana goma kin sani, muna layi ɗaya, kina wuce ƙofata."

Rakiya ta sunkuyar da kai. "Na rasa bakin da zan faɗa miki."

Zubaidatu ta sauko daga kan jarkar a hankali, gwiwarta na ƙara. Ta nufi ofis.

Ustaza Maha na tsaye bayan tebur tana jera fayiloli, waya maƙale a kafaɗa. Da ta ga wadda ta shigo sai ta kashe wayar. Larabci suka yi, na Zubaidatu irin na kasuwa, ba ado.

"Khala Zubaida, wa ya shigo da ke?"

"Ƙafata. Ina gwangwanina?"

"Wane gwangwani?"

Ta faɗa mata. Ta faɗi abin da ke ciki, ta faɗi cikin Salwa, ta faɗi Lahadi. Maha ta zauna. Ba muguwar mace ba ce, ta taɓa kawo wa Zubaidatu maganin gwiwa daga gidansu. Amma yau idonta na kan agogo.

"Sharaɗin buɗewa ne, Khala. Duk abin da ba na malahi ba, tsumma, kwali, kayan da aka bari, a fitar a ƙona. Ba ni na tsaya a kansu ba. Da na sani..."

"Sau nawa na kira ki?"

"Lambobi da yawa ke kirana lokacin."

"Gwangwani a rufe, a naɗe, shekara guda ba wanda ya taɓa shi. Korona ta buɗe murfin ta shiga ta zauna? Ba mai hannu a cikinsu da zai girgiza shi ya ji takarda?"

"Me ya sa za ki ajiye fasfo a ɗakin tsintsiya?"

"Saboda ɗakin tsintsiyarku ya fi gidana daraja."

Daga waje kiɗan lilon dawaki ya tashi, yara suka fara ihu.

"Ban zo ki dawo da abin da ya ƙone ba," in ji Zubaidatu. "Rubuta mini. Ki rubuta cewa ni, Zubaidatu, na ajiye fasfona da takardar 'yata a nan, mutanenku suka ƙona. Ki buga hatimi. In kai Jidda su ga ba ƙarya nake ba."

"In rubuta cewa kina aiki a nan?"

"Da ina nake aiki?"

"Khala, ki fahimta. A takardunmu babu ke. In na sa hannu a wannan, an rufe wurin nan yau, ni kuma..."

"Shekara goma sha ɗaya. Wa ya wanke ƙwallayen? Aljanu?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Badamasi ya leƙo, fuskarsa ta faɗi abin da ke tafe tun kafin ya yi magana. A bayansa wani mutum ne cikin farar riga, da kati rataye a wuya da allon rubutu a hannu. Mai duba na baladiya. Ya yi sallama, ya tambayi takardar feshi da jerin sunayen ma'aikata. Sai idonsa ya sauka kan tsohuwar da ke tsaye a tsakiyar ofis, takunkuminta ya zame ƙasan haɓa.

"Wannan fa?"

"Kakar wani yaro ce," Maha ta ce da sauri. "Ta ɓata hanya, tana neman masallaci."

Mutumin ya juyo ga Zubaidatu. Ga shi nan, hukuma da kanta, taku biyu tsakaninsu, da biro a hannu. Tun daga Nakkasa take shirya maganar da za ta faɗa wa irinsa. Ta buɗe baki. Ta san in ta fara ba za ta tsaya ba, zai rubuta komai, kuma abin da take so ke nan, a rubuta. Sai dai bayan ya rubuta zai tambayi iƙamarta. Zai zagaya bayan masallaci ya tarar da Rakiya da safar roba, mai 'ya'ya huɗu ba miji. Kafin Lahadi ita kanta tana gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, Salwa kuma ta haihu ba uwa a kusa.

"Hajiya," mutumin ya ce da ladabi, yana nuna hancinsa da biro, "ki ja takunkumin sama. Don lafiyarki."

Zubaidatu ta dube shi. Ta sa yatsu biyu ta ja ƙyallen ya rufe bakinta da hancinta.

"Allah ya ƙara lafiya," ya ce, ya juya kan fayilolin.

Maha ta miƙa masa takardun, ya bi Badamasi suka fita duba lilo. Ƙofa na rufuwa Maha ta saki numfashi. Zubaidatu ba ta motsa ba.

"Ba zan fita hannu wofi ba. Ki ba ni takarda mai hatimi, ko in jira shi ya dawo."

Maha ta dube ta, ta dubi ƙofa. Ta zaro wata takarda daga fayil, ta sa a injin kwafi, ta ɗauki hatimin malahi ta buga a ƙasa da ƙarfi, ta sa hannu. Ta saka a ambulan.

"Iyakar abin da zan iya ke nan, Khala. Ki yafe mini."

"Yafiya sai na ga abin da Jidda ta ce."

Ta fita ta ƙofar baya. Rakiya na sunkuye a kan baho cike da ƙwallaye ja da shuɗi, ba ta ɗago ba. Rana ta take. Ta tsallaka titi riƙe da ambulan a ƙirji da hannu biyu, motoci na yi mata oda.

Salwa ta yunƙura za ta tashi, uwar ta ce ta zauna.

"Inna, fen... ina gwangwanin?"

"Sun ƙona. Amma na sa ta rubuta. Karanta mini."

Salwa ta daɗe tana kallon uwarta kafin ta buɗe ambulan. Ta karanta a zuci, leɓɓanta na motsi a bayan takunkumi. Ta kai ƙarshe, ta koma farko.

"Da ƙarfi. Ba kurma ba ce ni."

"Inna, wannan shahada ce, takardar shaida ta kamfanin feshi." Ta tsaya tana neman kalmomin Hausa. "Sun ce an fesa ko'ina. An tsabtace ɗakunan ajiya, an fitar da shara. Wurin ya dace a karɓi baƙi lafiya."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Gwangwanin fa?"

"Ba su ambata ba."

"Sunana?"

"Babu."

"Naki?"

"Babu, Inna."

Zubaidatu ta zauna a gefenta a kan dakalin. A tsallake, babban lilo ya ɗaga wasu yara sama, kujera ɗaya da mutum, ɗaya wofi. Salwa ta dafa cikinta, ta fara share ido da gefen mayafi.

"Kar ki yi mini kuka a titi."

Ta karɓi takardar, ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta kai ta kusa da ido. Ta ɗora yatsa a kan shuɗin zagayen da ke ƙasa, tawadar ba ta gama bushewa ba.

"Wannan hatimi ne dai?"

"Hatimi ne."

"Na gaske?"

"Na gaske ne, Inna, amma ba ya..."

Zubaidatu ta ninke takardar gida huɗu, a hankali, don kada ninkin ya bi ta kan hatimin. Ta tura ta cikin lalita ta ɗaure bakin.

"Ki faɗa wa Abdulwadud ya zo da wuri ranar Lahadi. Da ita za mu."