Kwalbar da Kalilu Ya Kai Riko

Saura kwana tara Kalilu ya tashi aikin Hajji, kuma ya gama neman gafarar kowa a Jibiya sai mutum ɗaya: Zaki, Bamagujen Riko mai gona kusa da tasa. Shekara bakwai ba sa ga maciji, tun da Kalilu ya tura iyakar gona taku huɗu cikin ta Zaki ya kuma rantse haka ya gada. Ya san ƙarya ya yi, kuma yana tsoron tsayuwar Arfa da hakkin mutum a wuyansa.

Da ya aika, amsar da ta dawo gajeruwa ce: ya zo ranar Laraba, Sarai matar Zaki za ta gasa laimar kwaɗi, irin wadda ake ci. Nan zuciyar Kalilu ta fara saƙe-saƙe. Duk abincin duniya a rasa na ba shi sai wanda ke da 'yar'uwa mai kisa?

Amma ba a zuwa neman sulhu hannu na dukan cinya. Goro ya yi kaɗan, Zaki kuwa kowa ya san mai son ruwan inabi ne. Kalilu ya nufi bakin iyaka, ya laɓe bayan wata babbar mota kamar wanda ya saci akuya, har Ɗanmaraya direban Maraɗi, mai shigo da giya a ɓoye, ya gama da 'yan kwastan.

Ɗanmaraya ya zaro kwalba biyu daga ƙarƙashin kujera yana kallonsa sama da ƙasa. "Alhajin gobe, mi zaka yi da wanga abu? Ko Hizba ta turo ka?"

"Kyauta ce. Wacce ta dace da gasasshiyar laimar kwaɗi, ja ko fara?"

"Abin da ya sha hayaƙi, ja aka ba shi. Haka masu otal ka cewa. Ɗauki buteli ka ɓace mani." Ya miƙo masa jar kwalbar.

Ranar Laraba da la'asar sakaliya aka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa. Sarai ta ajiye faranti, ƙamshin ƙuli da hayaƙi na tashi. Kalilu ya yi ta jan gaisuwa, hannunsa bai kusanci farantin ba. Zaki ya lura sarai. Ya ɗauki yanka mafi girma ya tauna a hankali yana kallonsa ido cikin ido. Kunya ta rufe Kalilu, ya sa hannu. Abin haushi kuma, da daɗi.

Sai ya miƙa kwalbar. Zaki ya jujjuya ta, ya duba murfin, ya shinshina, ya tsiyaya a kofi. Maimakon ya kai baki, sai ya turo wa Kalilu.

"A gidan nan, wanda ya kawo abin sha shi ka fara kurɓa. Na ci nawa gabanka. Saura kai."

Kalilu ya dubi kofin. Shi da bai taɓa kawo wa Bamaguje komai ba sai goro, ina zai tuna da wannan al'ada? In ya ƙi, Zaki zai ce guba ya zo da ita, gafara ta tafi ke nan. In ya sha, da wane baki zai yi Labbaika?

"Zaki, ka san ba ni sha."

"Na sani. Na kuma san ka iya rantsuwa."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Kalilu ya ɗauki kofin, ya runtse ido, ya ɗaga har warin ya bugi hancinsa.

Zaki ya riƙe masa wuyan hannu. Ya karɓe kofin ya shanye tas. Sarai ta dafe ƙirji, domin shekara arba'in tana gidan, ba ta taɓa ganin mijinta ya sha abin da mai kawowa bai ɗanɗana ba.

"Tahi Makka, Kalilu," in ji Zaki yana goge baki. "Na yahe."