Ranar da Aka Ba Zainaba Tukwici

Tun Babbar Sallah ba ta ƙaraso ba Zainaba ta hana mijinta Zarami sakat da zancen abin da za a kai gidan surukai a Haɗeja. Shi dai cewa ya yi a sayo atamfa a kasuwar Kafin Hausa kowa ya huta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ya manta mutanen nan atamfar suke sayarwa. Ya ce to cinyar rago. Ta ce wa zai kalli cinyarsa a gidan da za a kayar da raguna har da sa? Kwana biyu da Sallah kowa ya gaji da nama, haƙora sun yi tsami, ba abin da rai ke nema irin romon kifi. Don haka ta zaɓi manyan tarwaɗa daga kamun Zarami, ta banda su da kanta har suka yi jawur. Ta auno shinkafar gonarta ta fadama wadda ta turara ta tsince da hannunta, ta haɗa da kwalbar man shanu. Zarami da aka kayar a gardama ya koma gindin mangwaro, ya sassaƙa wa jikansu ɗan ƙaramin kwale-kwale na icce.

'Yarsu Umaima ce ke aure a gidan. Ita ce 'yar fari, kuma Zainaba irin matan nan ne da ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ta sunanta bai taɓa fitowa daga bakinta ba, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan". Ranar ɗaurin aure ma gidan maƙwabta ta ɓuya har aka watse, shi ya sa yawancin dangin ango ba su san fuskarta ba. Gidan auren kuwa ba ta taɓa taka shi ba. 'Yar'azumi, ƙanwar Zarami, ita ke kai saƙo kullum, sai bana ƙafa ta kumbura mata. Zainaba ta yi ta mita wai an ɗora mata tafiya da tsufanta. Ƙarya take yi, kowa a gidan ya sani. Kewar Abdulmannan ce ke cin ta, ɗan Umaima da aka kawo mata yaye ya yi watanni a bayanta, aka zo aka ɗauke shi bayan azumi aka bar mata ɗaki shiru.

Daga ƙauyensu na bayan Auyo sai da aka fitar da ita a kwale-kwale, don ruwa ya fara cin hanya, sannan ta hau babur da buhu a gaba, kwando a cinya. Kafin su shiga Haɗeja laka ta fantsale mata gefen zaninta na Sallah, ƙamshin banda kuma ya gama kama mayafin.

Ta yi sallama ta tarar da tsakar gida cike da mata da yara, dangin Sunusi mijin Umaima, wasu daga Kano, wasu daga Malam Madori. Hajiya Amatullahi, uwar Sunusi, wadda ita kaɗai ta san ta a cikinsu, ta fita duba wata maras lafiya a unguwa. Mai karɓar baƙi ranar ita ce Amira, ƙanwar Sunusi da ke aure a Kano, doguwa mai fara'a da saurin baki. Ta tari Zainaba da sannu da zuwa, ta tambayi daga ina, aka ce daga Auyo. Ta ce wajen wa?

Nan Zainaba ta shiga lissafi a ranta. Ta ce wajen 'yata? A gaban surukai? Ko ta kama sunan? Ta kawar da kai ta ce, "Saƙo ne na mutanen gidan nan."

"Allah sarki, daga gidan su Umaima ne ke nan," in ji Amira. "Ya kika baro mamarta?"

Zainaba ta ce lafiya lau take. To me za ta ce? Ai ba ƙarya ta yi ba.

Aka shiga da kayan ana ta yaba girman kifin. Ita kuwa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, kusa da tarin takalma, aka kawo mata zoɓo da soyayyen nama a murfin kwano. Tana zaune tana cewa a ranta yanzu wani zai gane, sai ga Amira ta dawo da murmushinta, ta kamo hannunta ta dunƙula mata wata 'yar takardar kuɗi a nannaɗe.

"Ga tukwici, Iya. Ki ce mun gode, Allah ya bar zumunci."

Zainaba ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Tukwici na ɗan aike ne. Wanda ya ɗauko kayan wani ya kai wa wani shi ake ba tukwici, mai kyauta kuwa godiya ake masa a fuskarsa. Ita da ta sha hayaƙi har idonta ya yi ja a kan kifin nan, ita da ta tsuguna ta tsince shinkafar nan tsakuwa bayan tsakuwa, yau ita ce 'yar aike a gidan da 'yarta take? Wai kuma ta je ta ce an gode. Ta ce wa wa? Abin haushin shi ne ba ta da yadda za ta yi da abin da ke hannunta. In ta mayar, ta ci fuskar surukai, don ba a mayar da tukwici. In ta ƙulle a bakin zani, ta yarda ke nan ita ba kowa ba ce a gidan. Ta riƙe shi a dunƙule, ko buɗewa ba ta yi ba, har gumin tafinta ya jiƙa shi.

Da ta rasa inda za ta sauke haushin sai ta sauke shi a kan tsakar gidan. Yara ne birjik, an naɗe su cikin shadda da leshi a wannan zafin, wannan na kuka, wancan na jan jelar ɗankwalin uwarsa. Iyayen kuwa dabararsu ɗaya ce. Yaro ya yi motsi a miƙa masa waya, ya ƙi a cusa masa alewa, ya ƙi a ce ga dodo nan zai kama shi. Wata har ta ɗaure ƙofar ɗaki da kujera ta tara ƙanana a ciki suna kallon talabijin. Zainaba ta taɓe baki. A ce taron Sallah, a ce yara sun zo ganin dangi, sannan a tsare su a ɗaki?

Sai ta ji kukan da ta sani. Daga bayan randuna aka janyo shi, Abdulmannan, an sa masa farar shadda mai ƙarfi da hula har kunne. Wajen bahon da ake wanke-wanke yake son zuwa, an hana shi sau ba adadi. Aka ba shi waya ya yi jifa da ita. Aka kunna masa wata mota mai waƙa da fitilu da aka zo masa da ita daga Kano, ya sa ƙafa ya ture ta, ya kwanta a ƙasa yana birgima. Cikin birgimar ne idonsa ya faɗa bakin ƙofa. Kukan ya tsaya cak. Ya miƙe ya sheƙo da gudu, ya tattake takalman mutane, ya faɗa cinyar Zainaba yana kiran Kaka, ya cusa fuska cikin mayafinta. Ta rungume shi tana ce masa ashe angon nata bai sake ta ba. Ranta ya yi sanyi, ta ce to ga shi nan, yaro ya faɗa musu abin da ita ta kasa faɗa.

Amira ta yi dariya, ta ce wa matan ai haka yake, duk tsohuwar da ya gani kaka ce a wajensa. Ta zo ta sa hannu ta ɗaga shi.

"Yi haƙuri, Iya, ƙarnin kifi zai kama masa shadda, ga baƙi na zuwa. A kai shi ɗakin kakarsa, ta kusa dawowa."

Yaron ya tsala ihu yana miƙo hannu. Ihun ne ya fito da Umaima daga madafi, da matsami a hannu, fuska duk gumi. Ta ga uwarta zaune kusa da takalma, ta daskare. Sannan ta yi abin da ta saba yi tun tana ƙarama: ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta ƙasa-ƙasa. Zainaba ma ta yi abin da ta saba, ta kalli bango ta amsa a taƙaice. Wa zai ga wannan gaisuwa ya ce uwa da 'ya ne? Amira ta ce wa Umaima kar ta damu, 'yar aikensu ce, ta riga ta sallame ta. Umaima ta buɗe baki, ta dubi uwarta, ta ga har yanzu bango take kallo, sai ta rufe. Idonta ya ciko. Wata ta ƙwala mata kira wai nama zai kama, ta miƙe ta juya.

Wannan ya fi tukwicin yi wa Zainaba ciwo. Yarinya ta ji an kira uwarta 'yar aike ta yi shiru ta juya? Wa ya koya mata wannan? Ba ta tsaya neman amsar ba, don ta san inda amsar take. Abin da ta gani kawai shi ne in ta fita ƙofar nan a haka, a haka za a san ta har abada, jikanta kuma ya tashi a gidan da kakarsa ɗaya ce. Ta dafa bango ta miƙe.

"Umaima."

Umaima ta tsaya, amma ba wajen ƙofa ta duba ba. Cikin matan ta shiga dubawa, tana neman wadda ta kira ta. Sunanta ne, muryar ma ta sani, sai dai ba ta taɓa jin su tare ba.

"Umaima, da ke nake."

Matsamin ya suɓuce ya faɗi. Zainaba ta juya ga Amira, kunnuwanta na zafi don kunya. "Ba wanda ya aiko ni, 'yar nan. Ni na banda kifin, ni na noma shinkafar. Waccan ni na haife ta, wannan da ke hannunki kuma a bayana aka yaye shi. Sauke min shi."

Motar wasan nan ta Kano na can gefe tana ta waƙarta. Amira ta sauke yaron, ta durƙusa har ƙasa tana salati, tana rantsuwar ba ta sani ba. Gaskiyarta ne, kuma wannan ma ya ƙara ba Zainaba haushi, don ta fi son a ce akwai mai laifi. Mata suka ruɗe, wannan ta ɗauko darduma, waccan ta kwashe murfin kwanon, ana ta a shiga da ita ɗakin Hajiya. Amira ta miƙo hannu a kunyace za ta karɓi abin da ta bayar. Zainaba ta janye nata hannun, ta ce ba a gidansu aka koya mata mayar da tukwici ba.

Shiga ɗakin ma ta ce sai ta gama da jikanta. Ta cire wa Abdulmannan hula da shaddar, ta bar shi daga shi sai ɗan wando, ta sa aka cika mata baho da ruwa mai kyau a inuwa. Ta kwance ƙullin mayafinta ta fito da kwale-kwalen Zarami ta ɗora a kan ruwan. Yaron ya tsuguna yana tura shi yana dariya. Kafin a jima an janye kujerar nan daga bakin ɗaki, ƙananan duk sun kewaye bahon. Zainaba ta buɗe tafinta, ta ajiye jiƙaƙƙiyar takardar a cikin jirgin, ta ce wa jikanta ga kuɗin fito nan, mai jirgi, a kai ta ƙetare lafiya.

Umaima ta matso ta durƙusa, wannan karon kusa, har gwiwarta na taɓa zanin mai laka. Hawaye na zuba ta ce, "Inna, ban taɓa jin sunana a bakinki ba."

"To kin ji. Kar ki saba."

Zainaba ba ta dube ta ba, idonta na kan bahon. Ƙaurin nama ya taso daga madafi ya cika gidan, ta ja tsaki ta ce mutum ya bar mai a wuta ya zo yana kuka ana hidimar Sallah.

"Tashi ki duba naman nan, Umaima."