Takardar Haihuwar Babba

Wanne ne ya mutu a cikinmu, ni ko ɗan'uwana? Shekara arba'in da uku na yi a duniya wannan tambayar ba ta taɓa zo mini ba, sai da na nemi fasfo.

Mu tagwaye ne. A gida ana ce wa wanda ya fara fitowa Babba, ni kuma Ƙarami. Abin da na tashi na sani shi ne zazzaɓi ya ɗauke Babba muna da wata huɗu. Na girma, na koyi gyaran agogo da kaina, na yi aure, na haifi 'ya ɗaya tilo. Tana shekara goma sha shida ƙodarta ta lalace. Uwarta ta tafi da ita asibiti a ƙasar waje, likitoci suka duba gwajin jinina suka ce tawa za ta yi mata. Suka sa ranar aiki nan da mako biyar. Abin da ya rage in isa wurin.

A ofishin fasfo aka ce sai da takardar haihuwa ta asali. Na je wurin Inna. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta zaro wata takarda a naɗe cikin leda, ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Inna ba ta karatu. Ni ma sauri ya hana ni buɗewa.

Jami'in da ke taga ta uku ya daɗe yana duban kwamfuta, yana dubana.

"Malam, sunan da ke katinka na ɗan ƙasa daban, na takardar nan daban."

Na karɓa na karanta. Sunan Babba ne.

Ya buga sunana na kati, ya ɗan yi dariya ta hanci. "To ai kai ka rasu. Ga shi nan, jariri ɗan wata huɗu. Amma dai ka yi ƙiba a can."

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya sassauta murya. Ya ce hanya biyu ce. Ko in shigar da ƙara a soke shaidar mutuwar, wannan kuwa wata takwas ne idan an yi sa'a. Ko mahaifiyata ta je kotu ta rantse cewa ni ne mai wannan takarda, a gida aka yi kuskuren suna. Da takardar rantsuwar, mako biyu fasfo zai fito.

Na dawo na same ta tana ɗinke bakin zani a ƙofar ɗaki. Na faɗa mata komai. Ta soke allurar a jikin zanin.

"Ba zan rantse ba."

"Inna, jikarki ce fa."

"Na san ko wace ce. Ni na yi mata wankan farko."

"Kuskuren Baba ne. Takardata ya kai wa masu rajistar mutuwa a madadin ta mamacin. Allah ya ga dalilinmu, ba wanda za mu cuta."

"Ubanka bai yi kuskure ba," in ji ta. "Ko kuma ya yi. Ban sani ba."

Sai ta ba ni labarin da ta riƙe a cikinta tun kafin in yi haƙori. Kamarmu ɗaya, ko ita ba ta iya bambancewa, don haka ta ɗaura wa Babba jan zare a wuyan hannu. Da zazzaɓin ya kama mu tare, kwana uku tana tsoma mu a ruwa tana fitarwa, ta ɗauki wannan ta ajiye wancan. A rana ta uku ta ga zaren yana yawo a cikin baho. Kafin ta natsu ta tantance, ɗaya ya daina numfashi.

"Ubanka ya dubi gawar ya ce Ƙarami ne, ya tafi ya rubuta. Ni na dube ka na ce kai ne Ƙarami. Har ya koma ga Allah ba mu sake tayar da maganar ba. Yanzu kana so in ɗaga hannu in ce na sani?"

Na koma shago. Agogo talatin a bango, kowanne da lokacin da yake faɗa, na zauna a tsakiyarsu na kasa kama ko sukurudireba. Wanda ya rantse a kan abin da ya san ƙarya ne, maƙaryaci ne, wannan a fili yake. To wanda ya rantse a kan abin da wataƙila gaskiya ne fa? Na juya ta ta kowane gefe ban ga bakinta ba. Na kuma gane abin da nake roƙon Inna ya wuce rantsuwa. So nake ta binne yaron da ta raina shekara arba'in da uku, ta tono wanda ta yi wa kuka.

Kwana shida suka wuce. Matata ta bugo waya ta ce ƙafafun yarinyar sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

A bakin kotu akwai mai buga takardu a ƙarƙashin rumfa. Na faɗa masa matsalata, ko ɗagowa bai yi ba.

"Uwa ce matsala? Muna da iyaye mata a nan, Mai Agogo. Ga waccan mai baƙin mayafi, wannan watan kaɗai 'ya'ya tara ta haifa."

Na amince. Ya ce in zo Talata da hantsi. Da yamma na faɗa wa Inna, don ban iya ɓoye mata abu ba.

"Wata ce za ta ce ta haife ka?"

"Ba ni da wata hanya, Inna."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ranar Talata ina zaune a benci kusa da mai baƙin mayafi, tana haddace ranar haihuwata, sai na ji ƙarar sanda a kan siminti. Inna ce, ta sa zanin da take zuwa gaisuwar mutuwa da shi. Ta tsaya a kan matar.

"Baiwar Allah, matsa. Ba ki san zafin haihuwarsa ba."

A ciki magatakarda ya karanta mata takardar a hankali, cewa wannan mutum da ke tsaye shi ne ɗanta na fari cikin tagwayen, wanda ya rasu kuwa shi ne na biyu. Ya tambaye ta ko ta fahimta. Ta juyo ta dube ni tun daga goshi har wuyan hannu, ta daɗe a wuyan hannun.

"Ƙarami," in ji ta a hankali, yadda ake kiran wanda zai yi tafiya mai nisa.

Sannan ta ɗaga hannun dama ta maimaita abin da aka ce ta faɗa. Magatakarda ya turo mata tawada. Ta danna babban yatsanta a ciki, ta ɗora a ƙarƙashin sunan Babba.