Huɗu da Rabi

Kyari mai sayar da fatu a Fagge maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yarsa Gumsu tana ƙarama sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma kunnuwan ba su tashi tare da ita ba. 'Yar maganar da ta iya ma ta fara zubewa. A gidan, in ana son ta, sai a jefe ta da tsakuwa ta waiwayo.

Ni na haɗa shi da Ambrose, wani ticha Ibo a makarantar mishan ta Sabon Gari. Ƙanwarsa kurma ce, a kanta ya koyi yadda ake sa yaro ya gane magana daga motsin leɓe. Bayan rigimar nan ce ta shekarar alif ɗari tara da hamsin da uku, lokacin da ba a shiga Sabon Gari sai da dalili. Kyari dai ya shiga, riƙe da hannun 'yarsa.

"Baba Kyari," in ji Ambrose, "ni la'asar kaɗai nake da ita, sauran yinin naku ne. Ku tsaya a haske, ku fuskance ta, ku yi magana a hankali. Ban da cin goro."

"Goron ma?"

"Bakin da ke tauna ba ya karantuwa."

Kyari ya bar goro kuwa, mutumin da a da har a barci yake tauna. Matarsa Falmata takan ɗora hannun yarinyar a maƙogwaronta ta yi ta maimaita sunayen kayan miya. Duk Asabar Ambrose yana zuwa zauren Kyari ya ji inda aka tsaya, ya ba su aikin mako. Kafin damina ta zagayo, ana aiken Gumsu kasuwa da baki, ta dawo da abin da aka ce. Kyari har kiran mutane yake su gani.

Rannan ɗan'uwansa Ari ya zo daga Yerwa. Muna zaune a zaure da hantsi, Ari ya ce, "Yaya, yanzu yara nawa?"

Kyari ya yi dariya. "Huɗu da rabi. Rabin ce ta fi cin tuwo, kuma ba mai ɗauke mini ita."

Shekara da shekaru yana wannan barkwanci a gabanta. Mu ma mun sha yin dariya. Amma a ranar Gumsu tana bakin ƙofa da kwanon ruwa, hasken kuma a kan fuskarsa yake, kamar yadda ticha ya ce a riƙa yi.

Ta ajiye kwanon. Da muryar nan tata mai ƙarfi, wadda ba ta san ƙarfinta ba, ta ce, "Baba, ni ce rabin?"

Ba wanda ya sha ruwan.

Kafin azahar maganar ta gama gidan. Matan da ke haya a gidan suka shiga tuna abin da kowacce ta taɓa faɗa a tsakar gida, a gaban yarinyar. Zara mai ƙosai ta ce ai wannan ba karatu ba ne, leƙen asiri ne.

Ranar Asabar Kyari ya tare Ambrose tun a waje.

"Ticha, cewa na yi ka koya mata ta gane in an aike ta. Ban ce komai da komai ba."

"Ido ba ya zaɓe, Baba. Ka shiga ka ba ta haƙuri, shi ke nan. Yarinya ce, za ta karɓa."

"Ni? Gumsun?" Ya ciro goro daga aljihu ya ɓara. "Ka gaida gida."

Ba a sake kai ta Sabon Gari ba. Falmata ta yi kuka, aka ce ta yi shiru, ta yi. Matan gidan suka koyi jan gyale a baki in yarinyar ta gitta. Shi kuwa Kyari, wanda hula kawai muka san shi da ita, sai ga shi da rawani, har da amawali rufe da baki. 'Yan kasuwa suka fara ce masa Malam.

Na gan su wata safiya a ƙofar gida. Tana tsaye a gabansa ta ɗaga kai, amawalin yana motsi. Ta san magana yake yi. Ta jira ko zai sauke shi, bai sauke ba. Da ya gama ya nuna mata tsintsiya da yatsa, ta je ta ɗauka.